Hukuncin Zakin da Ke Goshin Motar Peugeot

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni direba ne a unguwar Zango nan Damagaram, ina jigilar mutane tsakanin Zinder da Magariya da tsohuwar Peugeot 504 da na gada wurin mahaifina. Kwanan baya mun tsaya sallar La'asar a hanya, na sa goshin motar a gabana don kada a gitta mini. Da na sallame sai wani fasinja ya ce sallata ba ta yi ba, wai na fuskanci gunki, wai kuma zakin nan alamar addinin Nasara ce. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Mene ne asalin zakin? Dole ne in cire shi, ko in rabu da motar?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa albarka a nemanka. Kwantar da hankalinka: sallarka ta yi, motarka halal ce, abin da kake samu da ita ma halal ne. Ga dalili.

Ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi, saboda haka mu fara da zakin. Ya girmi motar da shekaru masu yawa. Iyalin Peugeot maƙera ne a gabashin Faransa, a yankin Franche-Comté. A 1810 suka mai da injin niƙan gidansu masana'antar ƙarfe, suna ƙera zarto da kayan aiki, daga baya injin niƙa gahawa da keke. A 1847 suka sa wani maƙerin zinariya na garin Montbéliard, Justin Blazer, ya zana musu alamar da za su riƙa bugawa a kan zartonsu, don mai saye ya bambance nasu da na wasu. Ya zana zaki yana tafiya a kan kibiya, aka yi wa alamar rajista a 1858. Abin da suke nufi abu uku ne da kowane kafinta ya sani: haƙoran zarton suna da ƙarfi kamar na zaki, ruwansa yana lanƙwasa bai karye ba kamar gadon bayan zaki, yana kuma yanka da sauri kamar zaki in ya yi tsalle. Motarsu ta farko ba ta fito ba sai 1889. Zakin da ya miƙe a kan ƙafafun baya kuwa, irin na motarka, an ɗauko shi ne daga alamar sarautar yankinsu, ya hau mota ƙirar 203 a 1948.

Kirarin sana'a ne ke nan, irin shaidar da maƙeri ko dukawa suke sa wa aikinsu. Gaskiya ne iyalin Kiristoci ne, amma ba kowane abin da wanda ba Musulmi ba ya yi ne yake zama alamar addininsa. Mugiratu ɗan Shu'uba ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa jabba ƙirar Rumawa mai matsattsun hannuwa, har sai da ya fito da hannuwansa ta ƙasanta don yin alwala. Ba wanda yake bauta wa zakin Peugeot, ba kuma don a bauta masa aka zana shi ba. Wannan gefen maganar fasinjanka ba ta da tushe.

Saura batun surar mai rai, wato hoto ko mutum-mutumin abu mai rai, kuma nan ne fasinjan yake da wani abu a hannu, don hadisan hani ingantattu ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare ko sura, sun kuma ruwaito azaba mai tsanani ga masu yin surori. Ba mu wasa da waɗannan. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun tattara hadisan babin gaba ɗaya, ba su ɗauki guda su bar saura ba. Shehu Dardir ya taƙaita maganar: surar dabba tana haramta idan cikakkiya ce, mai jiki da inuwa, wadda aka yi da abin da yake daɗewa. Wadda ta rasa gaɓar da dabba ba ta rayuwa sai da ita, ko wadda ba ta da inuwa kamar zane a takarda ko bango, ba ta kai haram ba. Mai littafin Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, shi ma karhanci ya ambata game da surorin da ke jikin gado da bango da zobe.

To, je ka duba zakin motarka da kyau, ka shafa shi. Ɗan faifan ƙarfe ne da bai kai tafin hannu ba, gefe guda kawai aka fitar, bayansa a manne da mota. Ba mutum-mutumi ba ne da za ka kewaya ka ga kowane ɓangarensa. Abin da na fahimta, ya fi kusa da zane fiye da gunki, iyakarsa karhanci. Sabon tambarin da kamfanin ya fitar a 2021 ma kan zaki ne kawai a cikin garkuwa, babu gangar jiki, lamarinsa ya fi sauƙi.

Sannan ba kai ka ƙera shi ba, ba kuma dominsa mahaifinka ya sayi motar ba. Inji ya saya da kujeru da tayoyi, zakin ya biyo baya, kuma ƙa'idar fiƙihu ce cewa ana rangwame ga abin da ya zo a biye, irin rangwamen da ba a yi wa abin da aka nufa. Sahabbai sun yi ciniki da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa masu ɗauke da surar sarakunansu, aka ci gaba a haka har zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, wanda ya buga kuɗi na rubutu zalla wajen shekara ta 77 bayan Hijira. Mu ma nan, takardar jika guda, wato sefa dubu, raƙuma ne a bayanta, da ita muke shiga masallaci a aljihu, da ita fasinjanka ya biya ka kuɗin mota.

Game da salla, Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Nana A'isha tana da wani labule mai zane, Annabi ya ce ta kawar da shi domin zanen yana gitta masa a cikin salla. Ya sa an kawar, amma bai sake sallar ba. Kai ma babu ramuwa a kanka. Abin da ya fi, in za ka yi sutura da motar, ka tsaya ta gefen ƙofa ko wajen taya, ka bar goshin. Hakan ya fi nisa da shubuha, yana kuma rufe bakin mai magana.

In ka cire zakin don tsantseni, ka kyauta, Allah zai ba ka ladan niyyarka. In ka bar shi, babu zunubi. Abu biyu ne nake hana ka: kada ka sayo zaki mai cikakken jiki ka kafa a gaban gilashi don ado, wannan shi ne wanda sharuɗɗan haramci suka cika a kansa. Kada kuma ranka ya raya maka cewa zakin, ko wani abin da aka rataya a madubi, yana tsare mota daga haɗari. Tsari na Allah ne shi kaɗai.

Tunda kai direba ne, akwai abin da ya fi damuna da motarka fiye da zakin. Ina ganin yadda ake cusa mutane a tasha, ana ɗora buhuna har bayan mota ya kusa taɓa ƙasa, taya ta suɗe, birki sai an taka sau biyu kafin ya kama. Rayukan da ke bayanka amana ce, kuma wanda ya san birkinsa ba shi da kyau ya ɗauki mutane a haka, in wani ya rasu akwai diyya da kaffara a cikin lamarin. Ka kai ta wurin makanike a duba kafin tafiyarka ta gaba.

Fasinjan kuwa kada ka riƙe shi a zuciya, kishin addini ne ya sa shi magana. In kun sake haɗuwa ka gaya masa abin da ka ji cikin taushin murya.

Wallahu a'alam.