Tafiyar keke a gaɓar kogi da bakin teku: in ruwa ya rufe hanya a ratsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina hawan keke, amma ban taɓa tafiyar kwanaki da kaya a kariya ba. Ni da ɗana mai shekara 15 muna shirin tafiyar mako guda, mu bi gaɓar kogi har inda ya faɗa teku, daga nan mu ɗan bi bakin tekun. Abokan hawana sun ce in kwantar da hankalina, hanyar kogi shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba manyan motoci. Sai dai na ga wurare biyu a taswira da aka nuna ruwa kan rufe hanya. Wani ya ce ko ya rufe, in bai wuce rabin taya ba, a saka giya mai sauƙi a ratsa da gudu. Mahaifiyar yaron ta ƙi sakin jiki, ni ma zuciyata ba ta kwanta ba. Kilomita nawa ya dace mu yi a rana, kuma maganar ratsa ruwan nan gaskiya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Mahaifiyar yaron tana da gaskiya, kuma rashin kwanciyar zuciyarka alheri ne. Bari in sallami tambayar farko, don ta biyun ce mai ɗaukar rai.

Da kaya a kariya, ga yaro, kilomita 50 zuwa 60 a rana sun isa, kwana biyun farko ma ku rage. Abokanka ba su yi ƙarya ba kan shimfiɗar hanya. Sananniyar hanyar kogin Danub daga Passau a Jamus zuwa Viyana a Austriya ta kai kusan kilomita 320, amma gangarowar da kogin ya yi a duk wannan nisa ba ta kai mita 150 ba. Saboda haka bin ruwa ko saɓa masa ba shi ne zai gajiyar da ku ba, iska ce. In kana tafiyar kilomita 15 a awa, iska mai irin wannan gudu ta taho ta gabanka, turjiyar da take yi maka ta ninka huɗu. Ka binciki inda iskar yankin ta saba fitowa a watan tafiyarku, ku ba ta baya. A bakin teku kuma iskar da ke tasowa daga ruwa ta fi ƙarfi da rana zuwa la'asar, don haka ku yi sammako ku ci rabin tafiya kafin ta tashi. Gishiri da rairayi suna cin kaca da birki, kowace yamma a goge a ɗiga mai.

Yanzu ga maganar "rabin taya". Wannan magana na gaji da jin ta, kuma kusan kullum daga bakin wanda ya taɓa ratsa kududdufi ya fita lafiya take fitowa. Malam, kada ka shiga ruwan da ya rufe hanya a gaɓar kogi ko a bakin teku, a kan keke ko kana tura shi, balle da ɗanka a bayanka.

Mai wannan shawara zurfi kawai ya auna, alhali zurfi shi ne ƙaramin abin tsoro. Ruwa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa tan guda ne. In gudunsa ya ninka biyu, ƙarfin turinsa huɗu yake ninkawa. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, santimita 30 kuma ya isa ya kwashi ƙaramar mota. Tayar keken tafiya ta kusan santimita 70, ka ga rabinta ya riga ya wuce abin da ke ɗaukar mota. Kuma keken da aka ɗora wa jakunkuna a gefe biyu ya fi mai tafiya a ƙasa shiga haɗari, domin jakar faɗi take ba ruwa ya tura, tana kuma ɗan yin iyo ta rage wa tayar baya riƙon ƙasa. Gudun da aka ce ka yi ba ya taimakon komai. Birki ya jiƙe, ƙarƙashin ruwa laka ce da gansakuka, in tayar gaba ta zame ba ka da lokacin sa ƙafa.

Sannan ba ka ganin abin da kake takawa. Ruwan ambaliya jajir yake ko baƙi. Hanyar da ka gani jiya lafiya lau, yau ruwa ya zaizaye gefenta, ko ya ɗauke murfin kwalbati, ko ya kwantar da reshe da waya. A hanyar gaɓa kuwa gefen hanya shi ne kogin kansa. Kaucewar taku ɗaya ta raba mutum da ƙasa.

Akwai masu cewa ai sama garau take, ba a yi ruwa ba. Kogi ba da ruwan da ya sauka a kanka yake cika ba. Wanda ya sauka a kan duwatsu nesa da kai jiya ko shekaranjiya shi ne yake isowa yau, ko kuma a buɗe madatsar ruwa a sama ba ka da labari. A watan Yunin 2013 Danub ya haura mita 12 a Passau, irin cikar da garin ya yi ɗaruruwan shekaru bai gani ba. A watan Yulin 2021 kogin Ahr na Jamus, ƙaramin kogi da iyalai ke bin gaɓarsa a keke, ya tashi cikin dare ɗaya ya kashe mutum fiye da 130 a kwarinsa, ya tafi da gadoji da hanyar keken. Jamus ƙasa ce da ta gyara hanyoyin keke sosai, kuma gyaran bai hana ruwa bin hanyarsa ba.

Na teku ya fi yaudara, domin shiru yake zuwa. A yawancin gaɓoɓi teku na cika sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da kusan minti 50, shi ya sa lokacin cikar ke matsawa gaba kullum. Wanda ya ce maka "na wuce da ƙarfe goma a makon jiya" bai ba ka komai ba, goman yau daban ce. Cikar kuma ba daidai take hawa ba. Cikin awa shidan da take ɗauka, awar farko kaɗan take ƙaruwa, har mutum ya raina ta, amma rabin cikar gaba ɗaya a awa ta uku da ta huɗu yake zuwa. A wurin da teku ke hawa mita 6, ruwa na ƙaruwa kusan santimita biyu da rabi kowane minti a wannan tsakani. Minti shida ke nan ya kai santimita 15 ɗin da muka ambata. Lokacin tsayuwar wata da cikarsa hawan ya fi haka yawa. Kuma a shimfiɗaɗɗen wuri ruwan kan zagayo ta kwari ya tare bayanka kafin ya taɓa gabanka.

Dubi Passage du Gois a Faransa, hanya mai kusan kilomita 4 zuwa tsibirin Noirmoutier, wadda teku ke rufewa sau biyu a rana. Ana bin ta ne kawai kimanin awa ɗaya da rabi kafin ƙarshen janyewar ruwa da awa ɗaya da rabi bayansa. An kafa hasumiyoyin tsira a gefenta saboda waɗanda ruwa ke riska. A 1999 ƙwararrun 'yan tseren keke na Tour de France sun zube a kanta saboda santsi, kuma a lokacin ruwan ya janye. Tun 1971 akwai gada zuwa tsibirin, amma har yau ana samun masu taurin kai.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu ɗora bidiyo a intanet suna keta ruwa a keke, ana tafa musu. Wanda ya fita ne ke ɗora bidiyo, wanda ruwa ya ci ba ya dawowa ya ba da labari. Haka manhajojin taswira na waya, da yawansu gajeriyar hanya suke nuna maka, ba ruwansu da jadawalin teku ko cikar kogi. Hukumomin hanya ma a wasu wurare suna da nasu laifin: a kafa allon rufe hanya a bakin ruwan, bayan mutum ya yi kilomita goma, ba tare da an nuna masa inda zai zagaya ba. Gajiyayyen da yamma ta yi masa a nan yake yanke shawarar banza. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, amma sai an san da ita tun kafin a gaji.

Don haka wuraren nan biyu da ka gani a taswira, tun a gida ka fitar wa kowanne hanyar zagaye ta kan tudu, ka ƙidaya kilomitocinta cikin tafiyar ranar. Ka samo jadawalin cikar teku na tashar da ta fi kusa da mashigar, na ainihin ranar, ka tabbatar lokutan cikinsa da agogon wurin aka rubuta su. Kowace safiya ka duba ma'aunin kogin ko ka tambayi masu jirgin fito, sun fi kowa sanin halinsa. Kada ku kafa tanti a tsibirin rairayi ko ƙasan gaɓa. Ka bar kwana ɗaya a jadawalinku babu komai a cikinsa, domin wanda masauki ko jirgi ke jira shi ne ke faɗawa ruwa.

Kuma ka zaunar da yaron kafin ku tashi. Ɗan shekara 15 ya fi ka gudu, sau da yawa shi zai riga ka isa bakin ruwan, kuma abin da ya ga ka yi shi zai yi ranar da ba ka nan. Ku yi alkawari a gaban mahaifiyarsa: duk inda ruwa ya hau hanya, ya sauka daga keke ya jira ka, ku juya tare. Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.