Amsa ga mai tambaya kan karen da ya ji wa karen maƙwabci rauni

Wa alaikumus salam, Malam. In na fahimce ka daidai, ka fita da karenka da yamma ba sarƙa a wuyansa, ya gamu da karen maƙwabcinka a bakin hanya, shi ma sake yake yana yawonsa, suka kaure, naka ya yaga wa nasa cinya. Yanzu maƙwabci na neman kuɗin magani, kai kuma kana ganin tunda shi ma bai ɗaure nasa ba, ba ruwanka.

Da ruwanka, Malam. Sakin da ya yi wa nasa yana rage maka nauyi, amma ba ya sauke shi gaba ɗaya. Na daɗe ina ajiye karnuka saboda gadin garka a bayan gari, kuma an sha kirana shaida a irin wannan rigima a ƙofar mai unguwa. Ban taɓa ganin wanda karensa ya yi cizo ya tashi bai sa hannu a aljihu ba.

Amma kafin maganar kuɗi, karenka yana da allurar haukan kare? Nasa fa? Wani ya sa hannu wajen raba su har haƙori ya taɓa shi? In ya taɓa mutum, ko da ƙwarzane ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce likita ranar. Ciwon nan in ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Naka kuma ka ɗaure shi a gida, kada ka kashe shi, kada ka bayar da shi ƙauye, a sa masa ido kwana 10 zuwa 15 yadda likitan dabbobi zai gaya maka. In ya wuce kwanakin nan lafiya lau yana ci yana sha, hankalin kowa ya kwanta.

Ta wajen dokar ƙasa, abin da muka gada daga Faransa a dokar farar hula, aya ta 1385, cewa ta yi mai dabba, ko wanda take hannunsa yana amfani da ita, shi ke ɗaukar ɓarnar da ta yi, ko tana gabansa, ko ta ɓata, ko ta kuɓuce. Ka ga "ai kuɓucewa ya yi" ba hujja ba ce. Kai ma ba kuɓuce maka ya yi ba, da hannunka ka fito da shi haka. Abin da ke taimakonka shi ne alƙali yana duba sakacin mai ƙara, kuma wanda ya bar karensa a titi ya yi sakaci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wasu za su kawo maka hadisin da ya ce raunin da dabba ta yi ba shi da diyya. Hadisin ingantacce ne, sai dai malamanmu na Malikiyya ba su bar shi a sake haka ba. Dabbar da ke tare da mai ita yana kora ta ko yana janta, hukuncinta daban, haka ma karen da aka sani da cizo aka yi wa mai shi kashedi ya ƙi ji. A Risala ma, littafin fiƙihun Malikiyya, an faɗi cewa karen da aka halatta ajiyewa, irin na gadin gona da dabbobi ko na farauta, wanda ya kashe shi sai ya biya ƙimarsa. Don haka kada wani ya ruɗe ka da cewa kare ba dukiya ba ne.

Abin da na ga dattawa suna tonowa a zaman sulhu guda uku ne, kuma na farkon ya fi nauyi: a ina aka yi faɗan? Da nasa ne ya shigo gidanka ko garkarka, da ban ce ka biya ko dala ba. Sai kuma, an taɓa kawo maka ƙarar karen nan? Sannan, akwai wanda ya cuna shi? Wannan na ƙarshe ka bincika da kyau a gidanka. Wani zama da na halarta a unguwarmu, mai kare ya rantse ya maya cewa faɗan karnuka ne kawai a kan karya, sai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin lungun ta ce ita ta ji yaron gidan yana tafi yana zuga shi. Nan take magana ta juya, ya biya magani duka. Inda ba wanda ya cuna, kuma a hanya aka gamu, galibi rabawa ake yi, mai karen da ya yi cizo ya ɗauki kaso mafi tsoka.

Shawarata, kada ka jira a kira ka. Ka je da kanka ka duba karen nasa, ka ce a kai shi wurin likitan dabbobi a ma'aikatar kiwo, ka biya a hannun likita ko a farmasi, ka riƙe takardar. Kada ka miƙa kuɗi a dunƙule, don na ga inda aka karɓi 'yan jikkuna aka shafa wa ciwon baƙin mai na mota, ƙuda ya bi, kafin mako tsutsa ta cika wurin, kare ya mutu, aka dawo ana neman kuɗin kare sukutum. Cizon kare bakinsa ƙarami ne, cikinsa zurfi, sai an wanke an ba da maganin ruɓa.

In kun daidaita, ku faɗa a gaban mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta abin da ka biya da cewa magana ta ƙare, a kuma rubuta cewa shi ma zai riƙa ɗaure nasa. In ya ƙi sulhu ya ce sai komisariya, wato wurin 'yan sanda, ka tafi da takardar magani da ta allura a hannunka.