Koyar da Turanci a waje da ƙananan yara: wace ƙasa za mu nufa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila da maiɗakina da yara biyu, babban shekararsa 5, ƙaramar kuma 2. Fasfon Najeriya gare ni, amma bara na samu izinin zama na dindindin. Ina da digiri a fannin Turanci daga wata jami'a a gida, kuma na yi kwas ɗin TEFL (na koyon koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne) na awa 120 ta intanet. Tsadar rayuwa ta ishe mu, muna so mu koma wata ƙasa in koyar da Turanci. Tsakanin Koriya ta Kudu, Japan, Sin, Dubai da Saudiyya, ina ya fi dacewa da mai iyali?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaran. Kafin mu kai ga ƙasashen nan, akwai abin da ke hannunka yanzu wanda tafiyar za ta iya cinyewa. Izinin zama na dindindin na Birtaniya yana faɗuwa idan mutum ya yi shekara 2 a jere a wajen ƙasar, kuma kwantiragin yawancin makarantu masu kyau shekara 2 ne. Shekara ɗaya bayan samun izinin kana iya neman zama ɗan ƙasa, da sharaɗin ba ka wuce kwana 450 a waje ba cikin shekara 5 da suka gabata, ba ka kuma wuce kwana 90 ba cikin wata 12 na ƙarshe. In ka tafi yanzu ka rushe wannan lissafin. Kada ka saki reshe ka kama ganye. Ka duba matsayin Hajiya da na kowane yaro daban, domin yaron da aka haifa a can kafin ɗaya daga cikin iyaye ya samu izinin dindindin ba ya zama ɗan ƙasa kai tsaye, sai an yi masa rajista.

Koriya ta Kudu dai ka cire ta a lissafi. Bizar E-2 ta malaman Turanci ana ba da ita ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, kuma ana son digirin ma ya fito daga jami'ar ɗaya daga cikinsu. Ko ka karɓi fasfon Birtaniya, digirinka na gida ba zai cika sharaɗin ba. Sin ma tana fifita 'yan ƙasashen da Turanci ne harshensu, kuma tun daga dokar Yulin 2021 da ta taƙaita darussan kuɗi na bayan makaranta, cibiyoyi da yawa sun rufe. Duk dillalin da ya ce ka shigo da bizar yawon buɗe ido ko ta kasuwanci, wai za a gyara daga baya, ka rabu da shi. Bizar aiki a can sunanta Z, kuma wanda aka kama yana koyarwa ba da ita ba, tara ce da tsarewa da kora, ga yara a hannu.

Japan ƙofarta a buɗe take gare ka. Bizar malamin makaranta tana buƙatar shaidar cewa ka yi shekara 12 kana karatu da harshen da za ka koyar, don haka ka nemo wasiƙu daga firamarenka da sakandarenka masu cewa da Turanci aka koyar da kai. Ta fuskar yara ƙasa ce mai kyau ƙwarai. Makarantar gwamnati tana karɓar ɗan baƙo ba kuɗin makaranta, kuma tun Oktoban 2019 gwamnati ke ɗaukar kuɗin makarantun reno na 'yan shekara 3 zuwa 5. Inshorar lafiya ta ƙasa tana biyan kashi 70 cikin 100, ƙananan hukumomi kuma suna ƙara tallafi a kan na yara. Matsalar tana wajen albashi. Kamfanonin da ke tura mataimakan malamai makarantu sun yanka albashinsu ne daidai bakin mutum ɗaya, wasu ma suna rage shi a watan hutu. Kama gida yana cin kuɗin ajiya, da kuɗin godiya ga mai gida wanda ba a mayarwa, da na dillali, da na kamfanin da zai tsaya maka, har ya kai hayar wata huɗu ko biyar kafin ku kwana a ciki. Hajiya za ta shigo da bizar iyali, kuma ko ta nemi izinin aiki ba za ta wuce awa 28 a mako ba. Ƙaramar ba ta kai shekarun kyauta ba, kuma gidajen renon yini sun fi ba iyayen da dukansu ke aiki gurbi. Babban kuma da Japananci zai yi karatu tun daga ajin farko, a shekarar karatu da ke farawa a Afrilu. Yaro mai shekara 5 yakan kama harshe da wuri. Wahalar ta iyaye ce, ranar da ya dawo da takarda daga makaranta ko zazzaɓi ya kama shi da dare, babu mai iya karantawa ko yi wa likita bayani.

Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf su ne suka saba ɗaukar malami da iyalinsa, kuma ba a cire harajin albashi. Amma a can karatun ɗan baƙo na kuɗi ne, kuma nan ne lissafin mutane da yawa ke karyewa. A Hadaddiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, mafi ƙarancin albashin da zai ba ka damar ɗauko iyali dirhami 4,000 ne, ko 3,000 tare da gida. Wannan sharaɗin biza ne kawai, ba ya nufin kuɗin zai riƙe mutum huɗu a Dubai. Ka kuma tuna cewa a 2022 an dakatar da ba masu fasfon Najeriya biza, sai a 2024 aka sanar da ci gaba, saboda haka ka sa makarantar ta tabbatar maka a rubuce cewa tana iya fitar da izinin aiki a kan fasfonka. A Saudiyya, ma'aikacin da ke ƙarƙashin kamfani ko makaranta mai zaman kanta yana biyan riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa, wato katin zamansa. Kai da mutum uku, riyal 1,200 ke nan a wata, 14,400 a shekara. In kwantiragi bai ce makaranta ce za ta biya ba, daga aljihunka zai fita. Ka sa zafi ma a lissafi: daga Yuni zuwa Satumba yakan wuce digiri 40, yara a ɗaki suke yini.

Ka ga ke nan abin da ke raba mai jin daɗi da mai wahala irin makarantar da ta ɗauke shi ne, fiye da sunan ƙasar. Cibiyar koyon harshe tana aiki da yamma da ƙarshen mako, lokacin da yaranka ke gida, kuma ba ruwanta da iyalinka. Makarantar ƙasa da ƙasa, mai bin manhajar Cambridge ko ta IB (International Baccalaureate), ita ce ke ba da gida ko kuɗinsa, tikitin jirgi, inshora da gurbin karatun 'ya'yan malami. Ita kuma takardar TEFL ta intanet ba ta isar ta. Tana neman lasisin koyarwa da gogewar aji ta kamar shekara 2. Kana zaune a inda ake samun lasisin: kwas ɗin horar da malamai na PGCE, mai ba da matsayin QTS, wato lasisin koyarwa na Ingila, shekara ɗaya ne. In kuma manya kake so ka koyar, takardar koyar da Turanci ta CELTA daga Cambridge, mai awa 120 da awa 6 na koyarwa a gaban mai duba ka, ta fi wadda ke hannunka daraja nesa ba kusa ba, jami'o'in Gulf kuma yawanci digiri na biyu suke nema. Ni shawarata ka ƙara haƙuri, ka karɓi fasfo da lasisi, sannan ka nemi aiki tsakanin Oktoba da Fabrairu, lokacin da waɗannan makarantu ke ɗaukar malaman da za su fara a Agusta.

Idan tayi ya zo, ka karanta shi da biro a hannu. In an rubuta karatun yara kyauta ne, ka tambaya yara nawa, domin da yawa suna tsayawa a biyu, wasu a ɗaya, wasu rangwame kawai suke yi. Ka tambaya daga shekara nawa, domin ƙaramarka ba lallai ta shiga ba sai ta kai 3 ko 4. Kuɗin rajista, kayan makaranta, mota da littattafai sau da yawa ba sa ciki. Gidan na mai iyali ne ko ɗaki ɗaya ne na gwauro? Tikitin kowace shekara na kai kaɗai ne ko na ku huɗu, kuma zuwa ina? Makarantu sukan biya zuwa ƙasar da aka ɗauke ka ko wadda fasfonka ya nuna, to in iyayenku kuke son kai wa jikoki lokacin hutu, ka sa a rubuta garin da za a sauke ku tun kafin ka sa hannu. Inshora kuma ka nemi takardarta ka gani da idonka: ta haɗa da mata da yara, ta haɗa da haihuwa, kuma me ta ce a kan ciwon da aka zo da shi, kamar asma ko sikila? Wasu suna sa watannin jira kafin su biya kuɗin haihuwa.

Takardu su ne ke raba iyali watanni. Za a nemi digiri, takardar aure, takardar haihuwar kowane yaro da shaidar 'yan sanda, duk da hatimi. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Apostille, wato hatimi ɗaya da ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar ke karɓa daga juna, don haka digirinka zai bi ta ma'aikatar ilimi, ya wuce ma'aikatar harkokin waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka. Takardun da aka bayar a Ingila ana buga musu Apostille a can, amma Daular Larabawa sai ta ƙara nata hatimin. Auren da aka ɗaura ba takardar hukuma ba ya fitar da bizar mata, ka gyara wannan tun yanzu. Ka jera takardun a tebur ka duba sunaye harafi bayan harafi: Muhammad a fasfo, Mohammed a digiri, Muhammed a takardar haihuwar yaro ya isa a mayar da fayil. Shaidar 'yan sanda ka bar ta ƙarshe, domin yawanci ba a karɓar wadda ta wuce wata 6. Ka kuma shirya wa cewa kai za ka fara shiga, a yi maka gwajin lafiya, katin zamanka ya fito, sannan ka nema wa iyali. Wata ɗaya zuwa uku ba abin mamaki ba ne, don haka kada ku saki gidan da kuke ciki ranar da ka tashi.

Bizar Hajiya da yara a kan taka take rataye. In aiki ya ɓaci a watannin gwaji, ku huɗu ne za ku fita. Ka ajiye kuɗin tikitin kowa da na zaman wata uku a asusun da ba na ƙasar ba, kuma kada ka taɓa su wajen aika wa gida. Gara ka gaya wa 'yan'uwa tun farko cewa wata ukun farko ba za a ga saƙo ba, saboda kayan gida da kuɗin biza ne ke cinye albashin. Fasfonku kuma ya zauna a hannunku, ba a ofishin makaranta ba.

Ku zauna da Hajiya ku yi maganar yininta dalla-dalla, domin ita za ta kasance a gida da 'yar shekara 2 a garin da ba ta san kowa ba, kuma kaɗaicin wanda ya biyo malami shi ne ke yawan sa a katse kwantiragi. Ku riƙe Hausa a gida, tunda makaranta za ta ba su Turanci ko harshen ƙasar. Sannan kafin ka amsa kowane tayi, ka roƙi makarantar ta haɗa ka da malami mai yara wanda ya yi aƙalla shekara a wurin. Ka tambaye shi ko albashi na zuwa a kan kari, wata nawa bizar iyalinsa ta ɗauka, da nawa yake kashewa a kan yara bayan abin da makaranta ta ɗauka. Makarantar da ta ƙi haɗa ka da kowa, ka bar ta ka nemi wata.