Muryar WhatsApp: Tsakanin shirye-shiryen Birtaniya da na Amurka, wanne ya fi?

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Na ga saƙonni sun taru, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma maganar ta fi ƙarfin in zauna ina danna waya, shi ya sa na ce bari in yi murya. Ku yi haƙuri, za ta ɗan yi tsawo.

Ga waɗanda ba su bi daga farko ba: ƙanina ne ya tayar da zancen, ya ce shirye-shirye masu dogon zango na Amurka sun fi na Birtaniya nesa ba kusa ba, wai na Birtaniya barci suke sa shi, mutane ne kawai a ɗaki suna shan shayi suna surutu. Hajiya kuma ta ce ina, na Amurka hayaniya ce da harbe-harbe, 'yan Ingila su ne masu labari da hankali. Shi ne aka ce in sa baki.

To ni dai a ganina, ku biyun kuna kallon sunan ƙasa ne, alhali abin da ya kamata a fara tambaya shi ne, wa ke biyan kuɗin shirin? Domin shi ne ke yanke tsawonsa, shi ne ke yanke ranar da za a bar shi ya ƙare.

Bari in fara da Amurka. Manyan tashoshinsu na kyauta, irin su ABC da CBS da NBC da Fox, da talla suke rayuwa. Shirin da aka ce na awa ɗaya ne, in ka cire talla, bai wuce minti 42 zuwa 44 ba. Kuma marubucin ya san a ina za a yanke a sa talla, don haka dole kafin kowane yankewa ya ƙulla wani abu da zai hana ka canza tasha. Shi ya sa kake jin shirinsu yana ta fizgarka, kowane minti goma wani tashin hankali. Ƙanina, wannan fizgar da kake kira daɗi, asalinta don mai talla aka yi ta. Sannan zangonsu na gargajiya daga wajen Satumba yake zuwa Mayu, kashi 22 ko 24 a shekara. Kuma akwai wani abu da suka daɗe suna nema, wato shiri ya kai kusan kashi 100, don a lokacin ne ake iya sayar wa wasu tashoshi su riƙa maimaita shi kullum, a nan babban kuɗin yake. Ka ga ke nan shirin da ya karɓu ba shi da ikon tsayawa, ko da labarin ya ƙare.

Ga Prison Break da dukkanmu muka yi yayi lokacin faifai. Ya fito a 2005 a tashar Fox. Labarin mene ne? Mutum ya shiga kurkuku da gangan don ya fitar da ɗan'uwansa. Zangon farko, kashi 22, wallahi ya ƙullu, ba mai musu. A ƙarshensa sun fita. To labari ai ya ƙare ko? Amma jama'a na kallo, talla na shigowa, sai a zango na 3 aka sake jefa shi wani kurkukun a Panama. Aka rufe shirin a 2009, jarumin ya mutu, sai ga shi a 2017 an tono shi, wai yana raye a wani kurkuku a Yaman. Kamar miya ce da aka dafa wa mutum biyar, baƙi suka yi ta zuwa, uwargida ta yi ta ƙara ruwa. Tukunya ba ta ƙare ba, amma wanda ya ci da farko ya san ba ita ba ce.

Yauwa, sai Birtaniya. BBC a cikin gida ba ta sa talla. Kowane gida mai kallon talabijin kai tsaye yana biyan kuɗin lasisi duk shekara, a Afrilun 2025 an mayar da shi fam 174.50. Saboda haka awa ɗaya a BBC kusan awa ɗaya ce cur, marubuci ba ya gina labarinsa a kan inda za a yanke. Kuɗinsu kuma bai kai na Amurkawa ba, don haka al'adarsu kashi 6 ne a zango, wani lokacin 4, wani lokacin ma 3. Kuma yawanci mutum ɗaya ne ke rubuta dukan shirin daga farko har ƙarshe. A Amurka ba haka ba ne, tara marubuta ake yi a ɗaki guda, su goma ko fiye, da shugaba a kansu, su raba aiki, don babu ɗan Adam ɗin da zai rubuta kashi 22 a shekara shi kaɗai.

Ku dubi inda ƙasashen biyu suka ɗauki abu ɗaya. Labarin ɗan binciken nan Sherlock Holmes, BBC ta zamanantar da shi daga 2010 zuwa 2017, duka-duka kashi 13. CBS ta yi nata mai suna Elementary daga 2012 zuwa 2019, kashi 154. House of Cards da mutane ke ɗauka na Amurka ne, asalinsa na BBC ne a 1990, kashi 4 kacal, da ci gabansa guda biyu ya zama 12. Na Netflix ya kai 73.

Wanda ya fi burge ni a wannan fanni shi ne Happy Valley na BBC. Labarin wata sajan ɗin 'yan sanda ce, mace mai shekaru, kaka, a wani ƙaramin gari na yankin Yorkshire, tana riƙon jikanta bayan 'yarta ta rasu, ga uban yaron mugun mutum ya fito daga kurkuku. Mace ɗaya ce ta rubuta shi, Sally Wainwright. Zangon farko 2014, na biyu 2016, na uku kuma sai 2023. Me ya sa aka yi wannan dogon jira? Jira aka yi yaron da ke fitowa a matsayin jikan ya girma, don ƙarshen labarin yana buƙatar saurayi mai iya yanke wa kansa hukunci game da ubansa. Kashi 18, aka rufe, ba a ƙara ba, duk da miliyoyin da ke kallo. Tashar da ke rayuwa da talla ba za ta taɓa ajiye shirin da ke kawo mata kuɗi shekara bakwai don yaro ya girma ba. Kuma jarumar ba a yi mata kwalliya ba, ga gajiya a fuskarta, ga kayan aiki sun yi mata nauyi, kicin ɗinta a hargitse. A shirin 'yan sandan Amurka na manyan tashoshi kowa kamar daga wurin gyaran gashi ya fito, ko gawa aka je dubawa.

To Hajiya, kafin ki ce na goyi bayanki, tsaya ki ji. Abin da ke iso mana daga Birtaniya tatacce ne. Mafi kyawunsu ne ke ƙetare ruwa. Na Amurka kuwa komai da komai ke zuwa, mai kyau da tarkace, saboda sun fi kowa iya kasuwanci. Su ma 'yan Ingila suna da nasu da ba ya ƙarewa. Coronation Street tun Disamban 1960 tashar ITV ke nuna shi, ya haura kashi 10,000. EastEnders tun 1985. Aure, saki, cin amana, gobara, a sake aure, haka ake ta juyawa. Ba ma ganin su ne kawai, shi ya sa muke zaton duk abin da suka taɓa zinariya ne.

Na biyu kuma, kuma nan ne zan tsaya da ƙarfi: in ana maganar ƙololuwa, wato shiri mafi girma da aka taɓa yi, ni a wurina na Amurka ne. Amma ba daga tashoshin talla ba. Daga HBO ne da ire-irenta, inda mai kallo ke biyan kuɗin wata, babu mai tallan da za a ji tsoron ɓata wa rai. Daga The Sopranos a 1999 abin ya canza. Sai The Wire, 2002 zuwa 2008, kashi 60. Wanda ya ƙirƙire shi, David Simon, tsohon ɗan jarida ne mai ɗauko labarin laifuka a birnin Baltimore. Kowane zango sai ya ɗauki wani ɓangare na garin: na farko masu sayar da ƙwaya da 'yan sanda, na biyu ma'aikatan tashar jirgin ruwa, na uku 'yan siyasa, na huɗu makarantu, na biyar gidan jarida. Kafin ka gama ka fahimci yadda yaro ɗan makaranta ke zama ɗan ƙwaya, da yadda shugaban 'yan sanda ke gyara alƙaluman laifi don magajin gari ya ci zaɓe, da yadda duk abin yake haɗe. Wannan ba ya yiwuwa a kashi 6. Haka Breaking Bad, duk da shi tashar da ta nuna shi, AMC, tana sa talla, kashi 62, malamin kimiyya mai sanyin hali ya koma azzalumi a hankali a hankali, har ka rasa ranar da ka daina tausaya masa. Lokaci ne ya ba da wannan. Tsawon da ya lalata Prison Break, shi ne ya gina waɗannan. Bambancin shi ne su an bar masu rubutun sun rufe a inda suka ga dama.

Akwai kuma wani abu da 'yan Birtaniya ke iya yi wanda ban ga Amurkawa na yi kamarsu ba, wato shiri ya girgiza gwamnati. A farkon Janairun 2024 ITV ta nuna wani shiri kashi 4, Mr Bates vs The Post Office. Labarin gaskiya ne. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da masu riƙe da ƙananan gidajen waya sama da 900 bisa zargin sata da almundahana, alhali manhajar kwamfutar da aka ba su, mai suna Horizon, ita ce ke nuna giɓin kuɗin da babu shi. Wasu an ɗaure su, wasu sun rasa gidajensu, wasu sun mutu ba a wanke su ba. 'Yan jarida sun yi shekaru suna rubutu, har kotu ta ba su gaskiya a 2019, amma abin yana ta jan ƙafa. Da aka nuna shirin nan dare huɗu a jere, ƙasar ta ɗauki zafi. Ranar 10 ga Janairu Firayim Minista Rishi Sunak ya tsaya a majalisa ya ce za a yi doka ta soke hukuncin gaba ɗaya, kuma a watan Mayu dokar ta tabbata. Kuma ku lura, ITV tashar talla ce, don haka a nan ba maganar lasisi ba ce. Ƙasar ce ƙarama, har yanzu ana samun daren da miliyoyin mutane ke kallon abu ɗaya, gari ya waye shi ne zance a mota da ofis. Ƙanina, shirin nan mutane ne a ɗaki suna shan shayi suna surutu, kamar yadda ka ce. Ko harsashi ɗaya ba a harba ba.

Af, ƙanina, Merlin da kake cewa babu kamarsa, ka san na waye? Na BBC ne, 2008 zuwa 2012, kashi 65. Ashe ba duka ke sa ka barci ba. Yanzu ma rabewar ta yi wuya. Idris Elba da Dominic West da ke cikin The Wire 'yan Ingila ne, harshe kawai suka juya. Likitan nan mai sanda na shirin House, Hugh Laurie, ɗan Ingila ne. Game of Thrones na HBO ne, kuɗin Amurka, amma yawancin jaruman 'yan Birtaniya ne, kuma a Belfast aka yi babban ɓangaren ɗaukarsa. Succession labarin attajiran New York ne, wanda ya ƙirƙire shi, Jesse Armstrong, ɗan Birtaniya ne. The Crown labarin sarautar Ingila ne da kuɗin Netflix. To wanne za ka sa a wane layi? Su Netflix ma yanzu sun koma kashi 8 ko 10 a zango, sai dai sun zo da nasu ciwon: su soke shiri bayan zango ɗaya ko biyu, labari na tsaka, su bar ka a rataye.

Don haka in an matsa mini sai na zaɓa, ga matsayina. Mutumin da ke da aiki da iyali, ga tsadar data, yana son abin da zai fara ya gama a mako guda kuma ƙarshen ba zai ba shi haushi ba, ya nufi na Birtaniya. Cikin waɗanda ke iso mana, da wuya ka ɗauki ɗaya ka yi nadama. Na Amurka sai ka tona, amma in ka dace da na ƙwarai, babu na Birtaniyan da ya kamo shi.

Sai gargaɗi ɗaya, tunda akwai iyaye a gidan nan. Waɗannan na HBO da na yaba, ba na kallo da yara ba ne, wasu ma ko da babba sai kana riƙe da rimot. Dokar da ta hana tsiraici da ashar a tashoshin kyauta na Amurka ba ta hau kan masu karɓar kuɗin wata ba. Na Birtaniya ma kada a ruɗu da shayin, su ƙa'idarsu ƙarfe 9 na dare ce, abin da aka yi don bayan wannan lokacin yana iya zuwa da komai. Happy Valley akwai wuraren da suke da nauyi sosai, musamman zangon farko. Hajiya, in za ki fara shi, ki sa a turo miki mai rubutu a ƙasa, don Turancin mutanen Yorkshire ba irin wanda muka saba ji a labaran BBC ba ne, rabin kalmar suke haɗiyewa. Ƙanina kai kuma ka nemi na gidan wayan nan, kashi 4 ne kawai, in ka gama ka turo mana murya mu ji ko ka yi barci.