Muryar Yaya kan maganar saka gida a Airbnb

(Waɗanda suka ce muryar ba ta buɗe musu ba, ga ta nan na rubuta kamar yadda ya faɗa. Amsa ce ga ƙaninmu na unguwar Bronx a birnin Niyok da ya ce zai je gida wata biyu, yana so ya saka fulat ɗinsa a Airbnb, shafin intanet da ake ba baƙi hayar gida na 'yan kwanaki, ya riƙa biyan kuɗin hayar kansa kafin ya dawo.)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri tun jiya na ga maganar, ina kan hanya ne, yanzu na samu na faka mota kafin a kira ni, to bari in yi ta da baki don rubutu ba zai ɗauke ta ba.

Ƙanena, na ji lissafinka. Wata biyu kana gida, haya tana tafiya, ka ce me zai hana baƙi su riƙa kwana suna biya. Lissafin kan takarda ya yi kyau wallahi, ni ma da shekara goma baya ne da na ce maka bismillah. Amma a Niyok ɗin yau, wannan abin da ka faɗa, wato ka ba da gida gaba ɗaya kwana uku kwana biyar kai kuma kana Kumasi kana cin tuwon Hajiya, shi ne ainihin abin da doka ta hana. Ko ɗigo ba ka kauce masa ba.

Kuma mutane suna zaton sabon abu ne. A'a. Tun 2010 jihar Niyok ta gyara dokarta ta gidajen haya, ta ce ginin da ke da fulat uku zuwa sama ba a ba da shi haya ƙasa da kwana 30 sai in wanda ke zaune a fulat ɗin yana ciki. Sai dai lokacin kowa yi yake, don babu mai bi. A 2016 suka ƙara da cewa ko tallar kawai ka saka ana iya cin ka tara har dala 7,500. Mutane suka ci gaba. Abin da ya canza wasan shi ne dokar birni mai lamba 18, wadda aka fara aiki da ita ran 5 ga Satumban 2023. Su masu wayo ne, sai suka daina bin mutane gida gida, suka je suka kama wajen da kuɗi ke bi. Suka ce wa Airbnb da Booking da Vrbo, duk wanda ba shi da lambar rajista daga ofishin magajin gari, ofishin da suke kira OSE, kada ku karɓar masa ko sisi, in kun karɓa ku ma tara. Airbnb ta kai ƙara kotu a watan Yunin shekarar, alƙali ta kori ƙarar a Agusta. Shikenan. Tallace-tallacen gajeren zama da suka haura dubu ashirin, cikin 'yan makonni suka dawo 'yan dubbai kaɗan. Ni da idona na gani a aiki, fasinjojin da da nake kaiwa lungunan Brooklyn da akwatuna, suka koma otal ko su ce in tsallaka da su New Jersey.

To yanzu ka ce ai sai ka je ka yi rajistar, dala 145 ce kawai. Eh haka ne kuɗin fom ɗin. Amma ji sharuɗɗan. Na ɗaya dole gidan ya zama nan kake zaune, kuma dole kana ciki lokacin da baƙon yake ciki, kana kwana kana tashi. Ka ga tun nan maganarka ta mutu, don kai tafiya za ka yi. Baƙi kuma kada su wuce biyu. Sannan akwai wanda ya fi ba ni dariya ranar da na fara ji, wai ba a yarda ka sa wa ƙofofin ɗakuna makullin da za a kulle a fita da shi ba, dole baƙo ya iya shiga ko'ina a gidan, don a wajensu zaman gida ɗaya kuke yi kamar iyali. Kai dubi Allah, Bahaushe da matarsa da 'ya'yansa mata, a ce wani ƙato daga Jamus yana da izinin kowane ɗaki. Wa zai yarda? Shi ya sa namu da yawa da suke yi da, suka haƙura kawai.

Kuma kai ɗan haya ne, ba naka ba ne ginin. In ka cika fom ɗin nan, ofishin da kansu za su rubuta wa mai ginin su ce ga ɗan hayarka yana neman rajista. Ba a ɓoye ake yi ba. Masu gini kuma an ba su dama su saka gininsu a jerin waɗanda aka haramta wa wannan harka gaba ɗaya, kuma da yawa sun saka. Sannan in fulat ɗinka irin waɗanda gwamnati ke ƙayyade ƙarin hayarsu ne, ko gidajen NYCHA, wato gidajen hayar gwamnatin birni, babu ma maganar rajista, ba sa bayarwa. Kuma ina kyautata zaton naka irinsu ne, don tsofaffin gine-ginen nan masu hawa shida na wajen titin Grand Concourse yawancinsu haka suke. Ɗauko yarjejeniyar hayarka ka duba takardar da aka manna a baya, za ka gani a rubuce.

Wannan wajen nake so ka buɗe kunne. Tarar dala dubu biyar da ake faɗa kan wanda ya yi ba rajista, ita ce ƙaramar asara. Babbar ita ce gidan kansa. Irin fulat ɗin nan mai ƙayyadadden haya, mai gini addu'a yake ka yi kuskure. Ranar da ya samu hoton falonka a intanet da farashin kwana a ƙasa, ya samu abin da zai kai kotun gidaje ya ce kana kasuwanci da gidansa. Ka fita, sannan ka shiga neman wani a garin da binciken da birni ya yi a 2023 ya nuna gidajen haya da babu kowa ciki kashi 1.4 ne kacal cikin ɗari, rabon da a ga ƙasa da haka tun 1968. Garin neman ƙiba ka samo rama. Hayar wata biyu kake so ka tsira da ita, ka zo ka rasa gidan da ka shekara shida a ciki.

Alhaji ya rubuta a ƙasa cewa wannan zalunci ne, mutum da gidansa a hana shi sauke baƙo. Alhaji Allah ya ƙara girma, ni ma da haka na ɗauka, amma bari in ba ka labarin abin da ya same mu.

Wajen 2019, fulat ɗin da ke samanmu wata tsohuwa ce a ciki shekara da shekaru, ita ke karɓar mana saƙo in ba ma nan, ta san sunan yarana duka. Ta koma wajen ɗiyarta. Wani ya kama wajen, ban taɓa ganin ya kwana ciki ba ko sau ɗaya. Abin da na fara gani wani ɗan akwatin ƙarfe ne mai lambobi an rataye a jikin shingen ƙofar gini, kamar kwaɗon keke. Makulli ne a ciki. Daga nan fa barci ya ƙare. Ƙarfe biyun dare ka ji ƙarar tayar akwati a kan matakala, gurrr, gurrr, hawa huɗu, don lif ɗinmu kullum a lalace. Shara a ajiye ta ranar da ba ranar kwasa ba, ɓeraye su yi biki. Wata rana na idar da sallar asuba ina lazimi, aka danna mana ƙararrawa, wasu samari uku a buge sun manta lambar akwatin, wai in buɗe musu. Duk wannan da sauƙi. Wanda ya tsaya min a rai, ɗiyata lokacin tana shekara tara, ta dawo daga makarantar allo da yamma ta ce Baba wani mutum ya biyo ni ya shigo da na buɗe ƙofar ƙasa. Na fita da gudu, ashe baƙon sama ne, mutumin kirki ma, har haƙuri ya ba ni. Amma na zauna na ce, to yanzu a ginin nan ta yaya zan bambance baƙo da ɓarawo? Da na san kowace fuska. Yanzu kowane sati sabbin fuskoki, kuma kowa da makullin ƙofar da 'ya'yana ke bi. In abu ya faru wa zan kama? Mai fulat ɗin lambar waya ce kawai, ba ya ɗauka. Maƙwabta suka yi ta kiran 311, lambar kai ƙorafi ta birni, har aka gaji.

To Alhaji ka tuna yadda iyayenmu suka yi harkar baƙi a zango. Fatake su zo sayen goro daga Kano ko Sakkwato, ina suke sauka? Gidan maigida. Shi zai ba su ɗaki, matansa su dafa musu, shi zai ajiye musu kaya da kuɗi, ya haɗa su da dillali, in baƙo ya ci bashi ya gudu shi ake kamawa, in baƙo ya yi rashin kunya a unguwa ƙofarsa ake zuwa. Yana samun la'adarsa, ba kyauta yake yi ba. Amma yana nan, a zaure. Babu maigidan da zai rataye makulli a bishiya ya ce duk wanda ya zo ya shiga, shi ya tafi Salaga. Ko a Arewa, baƙo ya sauka a unguwa ai sai mai unguwa ya san gidan wa ya sauka. Ni da na karanta dokar nan tasu sai na ga abin da suka rubuta da Turanci mai yawa shi ne wannan, baƙo da mai masaukinsa. Ko Airbnb ɗin ma haka ta faro, samari ne a San Francisco a 2007 suka shimfiɗa katifun iska a falonsu suna kwana tare da baƙin. Daga baya ne ta koma mutum ɗaya da fulat goma sha, otal ba tare da sunan otal ba.

Amma kada a ce na zama ɗan kamfen ɗin gwamnati. Dokar ta haɗa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Akwai wani dattijo da muke salla tare, ya yi shekara ashirin yana tuƙi ya sayi gida mai hawa biyu a Queens, shi da iyalinsa a ƙasa, sama yana ba baƙi, da kuɗin yake biyan bashin banki. Yana nan a gidan, ƙofa da ƙofa, kowane baƙo sai ya gan shi. To shi ma an ce ba ya cikin fulat ɗin da baƙon yake, don haka bai cika sharaɗi ba. Wannan a ganina an wuce gona da iri, shi ai maigidan zango ne sak. Kuma alƙawarin da aka yi cewa haya za ta sauko, ni dai tawa ba ta sauko ba, taku ma na sani. Otal kuwa sai tsada ya ƙara. Wasu kuma sun koma ƙarƙashin ƙasa, a Facebook da guruf guruf na WhatsApp, inda in an cuce ka babu wanda za ka kai wa kuka.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Na Landan suna nan a guruf ɗin nan, su kwana 90 aka ba su a shekara. Basalona magajin garinsu ya ce zuwa ƙarshen 2028 lasisin gidajen 'yan yawon buɗe ido kusan dubu goma duk za su ƙare ba sabuntawa. Ko Jersey City da ke tsallaken ruwa, tun 2019 suka kaɗa ƙuri'a suka taƙaita abin. Don haka wanda ya ce a kai harkar can, ya fara tambaya tukuna.

To me za ka yi da wata biyun? Hanya ɗaya ce mai tsabta, ka samu mutum ɗaya ya zauna kwana 30 zuwa sama, wannan dokar ba ta shafe shi ba. Amma da izinin mai gini a rubuce, kuma ka fara nema tun yanzu, ta wasiƙar gidan waya mai rasit, don doka ta ba shi kwana 30 ya amsa. In gidan mai ƙayyadadden haya ne kada ka ɗora riba, abin da aka yarda kashi goma cikin ɗari ne kawai saboda kayan ɗakinka da zai yi amfani da su.

Sai dai ga inda ƙaya take. A garin nan duk wanda ya zauna a gida kwana 30 da izini, ba ka da ikon canza makulli ko ka fitar masa da kaya, laifi ne, 'yan sanda kai za su kama. Sai kotu. Na san wanda ya je gida aure ya bar wa abokin abokinsa ɗaki, ya dawo da amarya, mutumin ya ce shi fa bai samu waje ba tukuna. Wata biyar ango yana kwana a falon ɗan'uwansa, amarya a gidan ƙawar yayarsa, yana kuma biyan hayar gidan da ba ya ciki. Don haka kada ka ba wanda ka gani a intanet. Ka je masallaci ran Juma'a ka faɗa wa liman, kullum akwai ɗalibi ko sabon zuwa da ke neman wajen wata biyu, ka zaɓi wanda yake da babba a nan da zai tsaya masa, wanda in an kira shi zai ji kunya. Ku rubuta ranar shiga da ranar fita, kowa ya sa hannu, shaidu biyu. In ba ka samu irin wannan ba, wallahi gara ka kulle gidanka ka biya hayar wata biyun, ka ba sufa, mai kula da ginin, lambata ko da ruwa zai fashe.

Ka turo min hoton yarjejeniyar ta bayan fage, shafin farko da na ƙarshe, in duba maka da dare. Kuma in za ka tafi akwai saƙon Hajiya, magungunan ƙafarta ne da atamfa biyu, ba nauyi. Ga kira nan ya shigo, filin jirgin JFK ne, bari in tafi. Sai anjima.