Ku Tambaya Mu Amsa: Za mu fita ƙauye kallon taurari, me za mu riƙe, me za mu nema?

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a Kano, mu huɗu ne abokai muke son harkar taurari, mun yi karo-karo mun sayi ƙaramin teleskop a intanet, a jikin kwalin an rubuta wai yana ƙara girman abu sau 600, amma da muka haɗa shi a saman bene wata kawai muke gani da kyau, duk waɗannan galaksi da nebula da ake sakawa a Facebook ko ɗaya ba mu gani ba. Wani ya ce sai mun fita daga gari. Kakar ɗayanmu tana wani ƙauye ta wajen Jigawa, muna so mu je mu kwana biyu. Dan Allah yaushe ya dace mu je, me za mu riƙe, kuma me za mu nema a sama?
Sadiq, daga Kano

Wa alaikumus salam Sadiq. Gaskiya wasiƙarka ta faranta min rai, kuma wanda ya ce muku ku fita daga gari ya ba ku shawara ta gaskiya. Abinda kuka rasa a saman benen nan duhu ne. Wata da Jupita da Zuhura suna da haske sosai, ko a tsakiyar Sabon Gari za a gan su, amma galaksi (tarin biliyoyin taurari) da nebula (gajimaren iskar gas da ƙura a sararin samaniya) da curin taurari haskensu ɗan kaɗan ne ƙwarai, fitilun titi da na shaguna da na gidajen mai da solar da ke ko'ina yanzu suna haska ƙurar da ke cikin iska, sai sama ta yi fari-fari ta shanye su gaba ɗaya. Masu wannan harka suna da ma'auni da wani Ba'amurke John Bortle ya fitar a 2001, daga 1 zuwa 9. Tsakiyar babban birni 8 ne ko 9, lamba 1 kuma sai irin can cikin Tenere a Nijar ko hamadar Namibiya. In ƙauyen kakarku ya yi nisa da babban gari har ba a hango jan hasken birni sai ɗan kaɗan a gefen sama, to ya wadatar.

Wannan sau 600 ɗin ku manta da shi, talla ce kawai. Abinda ake dubawa a teleskop shi ne faɗin bakinsa, saboda shi ke tara haske. In bakin naku milimita 60 ne ko 70, iyakar abinda zai iya da kyau bai wuce sau 120 zuwa 140 ba, kuma abubuwan da kuke nema ma ba sa son a ƙara musu girma da yawa. Ku ɗauki gilashin idon teleskop ɗin, wato wanda ake leƙawa ta cikinsa, da lambarsa ta fi girma a cikin kwalin, mai 25mm ko 20mm, shi ne mai nuna fili da faɗi. Kuma in akwai wanda zai ara muku tabarau mai hangen nesa na hannu biyu, irin wanda aka rubuta 10x50 ko 7x50 a jikinsa, wallahi ku karɓa, a daren farko zai fi muku amfani fiye da teleskop ɗin. Ƙwayar idon mutum in ta buɗe a duhu ba ta wuce milimita 7 ba, tabarau kuma bakinsa milimita 50 ne, wato yana tara haske kusan ninki 50, ga shi kuma yana da sauƙin juyawa a nemo abu.

Maganar lokaci, abu biyu ne, wata da ƙura. Na farko mai sauƙi ne a wajenmu tunda muna bin kalandar Musulunci, ku duba kwanan wata kawai. Daga wajen 25 ga wata zuwa 2 ko 3 ga sabon wata dare duhu ne kusan duka. Daga 22 ma za a iya, don wata ba zai fito ba sai tsakar dare. Amma in farin wata ne, 10 zuwa 18, kar ma ku ɓata kuɗin mota, shi kaɗai zai yi muku abinda fitilun Kano suka yi.

Ƙura kuma ita ce babbar matsalarmu a nan, kuma littattafan Turawa ba za su gaya muku ba don ba su da hunturu irin namu. Mutum zai ɗauka Disamba da Janairu su ne daidai tunda ba hadari, amma in hazo ya sauko ko taurari masu haske da ƙyar ake gani. Ni a ganina lokacin da ya fi kowane shi ne ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya wanke iska, hadari ya janye, hazo bai iso ba. Na biyu kuma daren da sama ta washe bayan an yi ruwa a Yuli ko Agusta, sai dai wannan ba a sa masa rana, in ya zo ya zo. A cikin hunturun ma ana samun kwanaki da hazo ke ɗagawa, in da rana kun ga sama shuɗiya tas har ƙasa-ƙasa to daren zai yi kyau.

Bari mu ɗauka kun je a ƙarshen Oktoba. Bayan isha'i ku fara da ido kawai, kar ku taɓa komai. Za ku ga wani farin zane ya ratsa sama daga kudu maso yamma ya bi ta saman kai, Larabawa suna ce masa Almajarra, Turawa Milki We, wannan ita ce galaksin da muke ciki, muna kallonta ne daga ciki. Ta can kudu maso yamma inda ta fi kauri, kafin ta faɗi, ku bi ta da tabarau a hankali, akwai nebula mai suna M8 da curin taurari da yawa a wajen. Wannan M ɗin daga sunan Charles Messier ne, Bafaranshe mai farautar taurari masu wutsiya, waɗannan abubuwa masu dishi-dishi suna ruɗa shi sai ya riƙa rubuta su don ya daina ɓata lokaci a kansu, ya fitar da jerin farko a 1774, yau jerin ya kai 110 kuma shi kowane sabon shiga yake fara bi.

Wajen ƙarfe goma sai ku juya arewa ku nemi taurari biyar masu siffar harafin M ko W, ana ce musu Kasiyofiya, daga nan ku hau sama kaɗan zuwa M31, wato Andromeda. A ƙauye mai duhu da ido ma ana ganinta. Abdurrahman al-Sufi, masanin taurari na Farisa, ya rubuta labarinta tun shekarar 964, ya kira ta ƙaramin gajimare, kuma haka ɗin za ku gan ta, wani ɗan fari mai tsawo. To amma Sadiq ka tsaya ka yi tunani a kai, galaksi ce guda mai ɗaruruwan biliyoyin taurari, hasken da ke gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya sai da ya yi shekara kusan miliyan 2.5 yana tafiya kafin ya shigo idonka a bayan gidan kakar abokinka. Ni dai har yau duk sanda na nemo ta sai na yi tasbihi.

Kaza da 'ya'yanta kuwa, Surayya, ba sai an nuna muku ba, tsofaffin ƙauyen ma sun fi ku saninta. Ita ce M45, nisanta shekarun haske kusan 440, wato haskenta sai ya yi shekara kusan 440 yana tafiya kafin ya iso mana. Da ido shida ko bakwai ake ƙirgawa, ku sa tabarau ku ga gommai. Daga nan in kun iya jure barci zuwa sha biyu ko ɗaya, rukunin taurarin da ake kira Oriyon zai hau sama daga gabas, taurari uku a jere a tsakiyarsa, kusa da su ta kudu akwai wasu ƙanana a layi, na tsakiyar ba tauraro ba ne zalla, nebula ce M42, nisan shekarun haske sama da 1,300, gajimaren iskar gas inda sababbin taurari ke samuwa yanzu haka. Nan ne teleskop ɗinku zai biya kuɗinsa, har ƙananan taurari huɗu da ke cikinta zai iya raba muku.

Kuma akwai wata gata da muke da ita da yawancinmu ba su sani ba. Kano tana kusan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka muna ganin saman arewa kuma muna leƙa na kudu sosai. In kun koma a Afrilu ko Mayu ku nemi Omega Sentauri ta kudu, curin taurari kusan miliyan 10 a dunƙule, nisan shekarun haske kusan 17,000. Mutumin Ingila komai tsadar teleskop ɗinsa ba zai gan ta daga gida ba don ba ta fito musu, mu kuwa tana hawa har kusan digiri 30.

Yanzu abinda ya fi ɓata wa sababbi dare, waya. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya buɗe sosai, leƙa WhatsApp sau ɗaya ya rusa komai sai an sake daga farko. Ku sauke manhajar Stellarium tun a gida, tana aiki ba data, ku sa ta a jan haske ku rage hasken fuskar wayar har ƙasa, tocila kuma ku ɗaure mata jar leda a baki. Sannan wata dabara, in abu ya yi dishi-dishi kar ka kalle shi kai tsaye, ka ɗan kauda ido gefe kaɗan, gefen ido ya fi tsakiyarsa ganin haske mai rauni, za ka ga abin ya fito. Ka kuma daɗe a kan abu ɗaya, minti biyar ko goma, ba leƙe ɗaya a wuce ba.

Sai maganar da na fi so ku riƙe, tsaro. Kar ku shiga daji don neman ƙarin duhu, bayan gari kusa da gidaje ko filin makaranta ya isa. Da kun sauka ku je ku gaida mai gari ku gaya masa abinda ya kawo ku, a sanar da 'yan sintiri, saboda a wannan zamani samari huɗu baƙi a gona da tsakar dare da wani dogon bututu a kan ƙafafu uku abu ne da za a iya yi wa mummunar fahimta. Ku haɗa teleskop ɗin tun da rana a gaban mutane, amma kar kowa ya kuskura ya kalli rana da shi, makanta ce nan take. Da magariba ku bar yara da dattawa su leƙa. Ku sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji, ƙarshen damina ciyawa ta yi tsawo, ga maganin sauro, tabarma, rigar sanyi da shayi a flas. In kun dawo ka rubuto min abinda kuka gani da wanda ya gagare ku.

Malam ina wuni. Ƙanina ya nuna min nebular Oriyon a teleskop na ga toka-toka ce kawai, alhali a hoto ja ce da shuɗi. Hotunan ƙarya ne ko idona ne?
Maryam, daga Damagaram

Lafiya lau Malama Maryam, idonki ƙalau yake, hotunan ma ba ƙarya ba ne. A duhu ƙwayoyin ido masu gane launi kusan ba sa aiki, waɗanda ke aiki fari da baƙi kawai suka sani, shi ya sa kowa toka-toka yake gani, wasu su ɗan ga kore-kore. Kyamara kuma tana buɗe baki ta yi ta tara haske na mintoci ko awanni, sai jan da iskar haidurojin ke fitarwa ya bayyana. Wasu hotunan dai, kamar na teleskop ɗin James Webb da aka harba a Disamba 2021, hasken da ido ba ya gani sam suke ɗauka, sai masana su ba kowane kashi launi don a bambance. In wayarki tana da tsarin hoton dare, ki jingina ta da wani abu kar ta motsa, ki saita daƙiƙa 10 zuwa 15 ki nufi Oriyon, a wuri mai duhu za ki iya ganin ɗan ja-ja a wajen nebular.