Wane Ne Ake Kira Ɗan Bori?

Tambaya: Malam, a unguwarmu duk mai ba da maganin iska sai a ce masa ɗan bori. Shin boka da ɗan bori duk ɗaya ne? Kuma me ya sa ake ce wa wasunsu doki?

Amsa: Malama, ba ɗaya ba ne, ko da yake mutum guda yakan haɗa sana'o'in biyu. Boka mai magani ne, da saiwoyi da sassaƙe da surkulle. Ɗan bori kuwa shi ne wanda aka yi wa girka, wato aka keɓe shi, galibi kwana 7, ana yi masa kiɗa da turare da jiƙo har iskokinsa su saba da shi. Yawanci ciwo ne da ya ƙi jin magani yake kai mutum can. Wanda bai shiga girka ba, ko kullum yana bakin fage, ɗan kallo ne.

Batun doki ya fito daga yadda su kansu suke faɗi: iska ya hau. Namiji doki, mace goɗiya. Idan masu garaya da 'yan buta suka ɗauko taken iskan da ake kira Ɗan Galadima, dokinsa zai sa babbar riga, ya yi ta rabon kuɗi da kyauta irin ta ɗan sarki. In Malam Alhaji ne, sai ka ga mutum ya ranƙwafa yana tari, yana jan carbi kamar tsohon malami. Idan iska zai sauka, dokin yakan yi atishawa.

Bori yana da tsarin sarauta a bayansa. Akwai Sarkin Bori da Magajiya, kuma a Gobir mace mai sarautar Inna ce ke riƙe da wannan sha'ani a fada. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 bori ya rasa gindin zama a fadojin daular Sakkwato, ya fi ƙarfi a wajen Maraɗi da Tsibiri. Malamai suna hana shi, shi ya sa yau sunan ya zama kamar zagi.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne liƙa wa mai farfaɗiya ko mai taɓin hankali wannan suna. Wannan mara lafiya ne, asibiti ya kamata a kai shi. Amma cewa yaro yana bori in ya yi ta birgima, ko a ce wani yana borin kunya, aron kalma ne kawai, ba laifi.